Alan Turing: Masanin da ya shata wa kwamfuta iyaka tun kafin a ƙera ta

Mutane da dama sun san Alan Turing ne a matsayin mutumin da ya taimaka wa Birtaniya ta warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

To sai dai a wajen masana ilimin lissafi, babban aikinsa shi ne wata maƙala mai shafi 36 da ya kammala a shekarar 1936, yana ɗan shekara 23.

A cikin maƙalar ya fayyace abin da ake nufi da lissafin na'ura, sannan ya kafa hujjar cewa akwai matsalolin da babu wata na'ura da za ta iya warware su, komai ƙarfinta da saurinta.

A lokacin ba a ƙera kwamfuta mai aiki da lantarki ba ko da guda ɗaya a duniya. Amma har yanzu wannan hujja tana nan daram, kuma a kanta ne aka gina fannin nazarin tushen kimiyyar kwamfuta.

Ƙuruciyarsa

An haifi Alan Mathison Turing ne ranar 23 ga watan Yunin 1912 a unguwar Maida Vale da ke birnin Landan.

Mahaifinsa, Julius Turing, jami'in gwamnatin mulkin mallaka ne a yankin Madras na ƙasar Indiya, yayin da mahaifiyarsa, Ethel Sara, 'yar babban injiniyan jiragen ƙasa na yankin ce.

Saboda aikin mahaifin nasu, Alan da yayansa John sun yi yawancin ƙuruciyarsu ne a hannun wani tsohon hafsan soja da matarsa a gaɓar tekun kudancin Ingila, iyayensu kuma suna can Indiya.

A shekarar 1926 ya samu gurbi a makarantar kwana ta Sherborne. Ranar da za a buɗe makarantar ta zo daidai da yajin aikin gama-gari da ya tsayar da jiragen ƙasa a faɗin Birtaniya, don haka sai ya hau keke daga Southampton ya yi tafiyar kusan kilomita 100, ya kwana a hanya.

Makarantar ta fi ba harsunan Latin da Girkanci muhimmanci, kuma wasu daga cikin malamansa sun riƙa kukan cewa rubutunsa ba shi da tsabta, hankalinsa kuma ya karkata ga lissafi da kimiyya kawai.

A can ne ya shaƙu da wani ɗalibi mai hazaƙa, Christopher Morcom, wanda suke tattauna lissafi da ilimin taurari tare. Rasuwar Morcom a watan Fabrairun 1930, sakamakon cutar tarin fuka, ta girgiza shi ƙwarai. Marubuta tarihinsa na ganin tun daga nan ne ya fara zurfafa tunani a kan alaƙar hankalin ɗan'adam da ƙwaƙwalwarsa.

Ya shiga kwalejin King's ta Jami'ar Cambridge a shekarar 1931, ya kammala da sakamako mafi daraja a 1934. Bayan shekara ɗaya aka zaɓe shi cikin manazartan kwalejin, yana ɗan shekara 22.

Tambayar Hilbert

Matsalar da ta fito da sunan Turing ta samo asali ne daga David Hilbert na Jami'ar Göttingen a Jamus, wanda ake yi wa kallon jagoran masana lissafi na zamaninsa.

Hilbert yana da burin ganin an kafa ilimin lissafi baki ɗayansa a kan wasu ƙa'idoji ƙalilan na manɗiƙi, ta yadda ba za a bar wata kafa ta shakka ba.

A shekarar 1928 ya gabatar da wata tambaya: shin akwai wata tsayayyiyar hanya, ta mataki-mataki, wadda idan aka bi ta za a iya tantance ko kowace magana ta lissafi tana da hujja ko ba ta da ita?

Da a ce akwai irin wannan hanya, to da neman hujja ya zama aikin bin ƙa'ida kawai, wanda ko akawu zai iya yi ba tare da wata basira ba.

Irin wannan hanya ta mataki-mataki ita ce ake kira algoridim. Kalmar ta fito ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, malamin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda kuma daga sunan littafinsa ne aka samo kalmar aljabara.

Mutane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna amfani da irin waɗannan hanyoyi, tun daga ninkawa da rabawa zuwa lissafin rabon gado, amma babu wanda ya taɓa bayyana ainihin ma'anarsu da harshen lissafi.

A shekarar 1931, Kurt Gödel, wani matashi a birnin Vienna na ƙasar Austriya, ya fara rushe burin Hilbert. Ya nuna cewa duk wani tsarin ƙa'idoji da ya isa ya ƙunshi lissafin lambobi, kuma ba ya cin karo da kansa, to akwai maganganu a cikinsa da ba za a iya tabbatar da su ko a ƙaryata su ba.

Amma tambayar tsayayyiyar hanya ta ci gaba da zama a buɗe. Turing ya ji labarinta ne a shekarar 1935 a darussan malaminsa Max Newman a Cambridge.

Na'urar da ke kan takarda

Duk wanda zai ce babu wata hanya da za ta yi wani aiki, dole ne ya fara bayyana abin da kalmar hanya take nufi. Daga nan Turing ya fara.

A wancan zamani kalmar kwamfuta a Turanci tana nufin ma'aikacin da aka ɗauka yana lissafi da alƙalami da takarda. Turing ya dubi abin da wannan ma'aikaci yake yi, ya rage shi zuwa mafi ƙanƙantar matakai.

Ya ƙaddara wata na'ura mai dogon zirin takarda da ba ya ƙarewa, an raba shi gida-gida. Na'urar tana kallon gida ɗaya ne kawai a lokaci guda.

Tana iya karanta alamar da ke gidan, ta goge ta ko ta rubuta wata, sannan ta matsa gida ɗaya zuwa dama ko hagu. Wani jadawalin umarni mai iyaka ne yake gaya mata abin da za ta yi a kowane hali.

Turing ya kawo dalilan da ke nuna cewa duk wani lissafi da mutum zai iya yi ta hanyar bin ƙa'ida, wannan na'ura ma za ta iya yin sa.

Daga nan sai ya ƙara wani mataki. Tun da jadawalin umarnin kowace na'ura jerin alamomi ne, to ana iya rubuta shi a kan zirin takardar, wata na'urar ta karanta shi.

Ta haka ya tsara na'ura guda ɗaya wadda za ta iya kwaikwayon kowace na'ura idan aka ba ta bayaninta. Wannan shi ne tushen abin da ake kira manhaja a yau, kuma shi ne dalilin da ya sa wayar salula ɗaya take zama agogo, ta zama rediyo, ta zama littafi, ba tare da an sauya ko da waya ɗaya a cikinta ba.

Abin da ba zai yiwu ba

Hujjar da Turing ya kafa da wannan na'ura ta fi shahara a yau da wani fasali mai sauƙi da masana suka yi mata daga baya, wanda ake kira matsalar tsayawa.

Wasu manhajoji suna yin aikinsu su gama su tsaya, wasu kuma suna ta zagaye har abada. Tambayar ita ce, ko za a iya rubuta wata manhaja mai matsayin alƙali, wadda za a miƙa mata kowace manhaja ta faɗi ko za ta tsaya ko ba za ta tsaya ba?

A ƙaddara cewa an samu wannan alƙali. Sai a rubuta wata manhaja mai gardama, wadda aikinta shi ne ta tambayi alƙalin hukuncinsa a kanta, sannan ta saɓa masa.

Idan alƙalin ya ce za ta tsaya, sai ta shiga zagaye marar ƙarshe. Idan ya ce ba za ta tsaya ba, sai ta tsaya nan take.

Ko ta ina alƙalin ya ɓullo ya yi kuskure. Wannan ya nuna cewa tun farko babu irin wannan alƙali, kuma ba za a taɓa samunsa ba.

Girman lamarin zai fito fili idan aka ɗauki misali da hasashen Goldbach na shekarar 1742, wanda ke cewa duk lambar da ta haura 2 kuma take rabuwa biyu daidai, ana iya samunta ta hanyar haɗa lambobi biyu da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, kamar yadda 3 da 7 suke ba da 10.

Abu ne mai sauƙi a rubuta manhajar da za ta riƙa gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya idan ta ci karo da wadda ta saɓa wa hasashen. Da akwai wancan alƙali, da tambaya ɗaya ta isa a warware matsalar da ta gagari masana kusan shekara 300.

Da irin wannan hujja Turing ya amsa tambayar Hilbert, cewa babu tsayayyiyar hanyar da ake nema.

Sai dai wani malami a Jami'ar Princeton ta Amurka, Alonzo Church, ya riga shi wallafa wannan sakamako da 'yan watanni a shekarar ta 1936, ta wata hanya dabam. Daga bisani aka tabbatar cewa hanyoyin biyu ƙarfinsu ɗaya ne.

Church da kansa ne ya raɗa wa wannan na'ura suna na'urar Turing, kuma Gödel ya bayyana cewa bayanin Turing ne ya fi gamsar da shi.

Turing ya tafi Princeton ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Church, ya kammala a 1938. Fitaccen masanin nan John von Neumann ya yi masa tayin aiki a can, amma ya zaɓi komawa gida.

Lokacin yaƙi

Ranar 4 ga watan Satumban 1939, kwana ɗaya bayan da Birtaniya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Jamus, Turing ya isa Bletchley Park, cibiyar gwamnati ta warware saƙonnin sirri.

Sojojin Jamus suna amfani ne da wata na'ura mai suna Enigma, wadda ke sauya haruffan saƙo ya koma tamkar zaurance. Yawan hanyoyin da za a iya saita samfurin sojojin ƙasa ya kai adadin da sai an jera lambobi 21 kafin a rubuta shi, kuma ana sauya saitin a kowace rana.

Masana lissafi na ƙasar Poland, musamman Marian Rejewski, su ne suka fara gano sirrin na'urar tun a 1932, kuma suka miƙa wa Birtaniya da Faransa abin da suka sani a watan Yulin 1939.

Turing ya ɗora a kan aikinsu. Ya yi amfani da wani rauni na Enigma, wato ba ta taɓa mayar da harafi ya zama kansa, da kuma ɗabi'ar Jamusawa ta maimaita wasu kalmomi a saƙonni irin na hasashen yanayi.

Ya tsara wata na'ura mai suna Bombe, wadda ke watsar da duk saitin da ya haifar da saɓani, har a rage kaɗan da mutane za su gwada da hannu. An girka ta farko a watan Maris na 1940, abokin aikinsa Gordon Welchman ya ƙara mata inganci, kuma kafin ƙarshen yaƙin an ƙera fiye da 200 a Birtaniya.

Shi ne kuma ya jagoranci sashen da ke kula da saƙonnin sojojin ruwan Jamus, waɗanda suka fi wuya. A lokacin jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku suna nutsar da jiragen da ke kai wa Birtaniya abinci da makamai ta tekun Atlantika.

Daga tsakiyar 1941 sashen ya fara karanta saƙonnin a kan kari, abin da ya ba da damar kautar da ayarin jirage daga wuraren da aka yi musu kwanton ɓauna.

A watan Oktoban shekarar, Turing da abokan aikinsa uku suka rubuta wa Firayim Minista Winston Churchill wasiƙa kai tsaye suna kukan ƙarancin ma'aikata. Churchill ya ba da umarnin a biya musu buƙatunsu cikin gaggawa.

Masanin tarihin leƙen asirin Birtaniya, Harry Hinsley, ya ƙiyasta cewa aikin Bletchley Park ya rage tsawon yaƙin da aƙalla shekara biyu, ko da yake wasu masana na ganin da wuya a auna hakan.

An ba Turing lambar yabo ta OBE a 1946, amma aka ci gaba da ɓoye ainihin abin da ya yi har zuwa shekarun 1970.

Daga takarda zuwa ƙarfe

Bayan yaƙin, Turing ya koma Cibiyar Binciken Kimiyya ta Ƙasa da ke Teddington, inda a watan Fabrairun 1946 ya gabatar da cikakken tsarin wata kwamfuta mai suna ACE, wadda ke adana manhajarta a cikin ma'ajiyarta.

Jan ƙafar da aka yi wajen ƙera ta ya sa ya bar cibiyar. Sai a watan Mayun 1950 ne wani ƙaramin samfurinta ya fara aiki.

A 1948 ya koma Jami'ar Manchester, inda Frederic Williams da Tom Kilburn suka ƙera kwamfutar lantarki ta farko mai adana manhaja da ta yi aiki, a watan Yunin shekarar.

A shekarar 1950 ya wallafa wata maƙala a mujallar falsafa ta Mind a kan ko na'ura za ta iya yin tunani. Ya ba da shawarar wani gwaji, inda mutum zai riƙa musayar rubutu da wasu biyu da ba ya gani, ɗaya mutum ɗaya na'ura, ya yi ƙoƙarin bambance su.

Wannan gwaji, da ake kira gwajin Turing, yana cikin abubuwan da har yau ake ambato a muhawarar ƙirƙirarriyar basira.

An zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Royal Society a 1951. A shekarar da ta biyo baya ya wallafa wani bincike da ya nuna da lissafi yadda sinadarai biyu masu yaɗuwa za su iya haifar da zane irin na ɗigo-ɗigo da ratsi-ratsi a jikin halittu.

Baya ga lissafi, Turing gwanin gudun dogon zango ne. A 1947 ya kammala tseren yada-ƙanin-wani na kilomita 42 cikin sa'a 2 da minti 46.

Shari'a da mutuwarsa

A watan Janairun 1952 aka yi sata a gidansa da ke Wilmslow kusa da Manchester. A yayin binciken 'yan sanda ya amsa cewa yana mu'amala da wani saurayi, wanda ya san ɓarawon.

A lokacin luwaɗi laifi ne a dokar Birtaniya ta shekarar 1885. An gurfanar da shi a gaban kotu ranar 31 ga watan Maris, kuma bai musanta tuhumar ba.

Kotu ta ba shi zaɓi tsakanin zaman kurkuku da karɓar allurar wasu sinadarai masu kashe sha'awa. Ya zaɓi allurar, aka shafe shekara guda ana yi masa, kuma ta sauya masa siffar jiki.

An kuma janye izinin da yake da shi na ganin bayanan sirri, abin da ya kawo ƙarshen aikin da yake yi wa hukumar leƙen asirin sadarwa ta GCHQ, ko da yake ya ci gaba da aikinsa na jami'a.

Ya mutu ranar 7 ga watan Yunin 1954, saura 'yan kwanaki ya cika shekara 42. Washegari ne mai yi masa aikin gida ta tarar da gawarsa, da wani tuffa da aka gatsa a gefen gadonsa.

Binciken likitoci ya nuna gubar sayanayid ce ta kashe shi, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukuncin cewa shi ya kashe kansa. Ba a gwada tuffan ba.

Mahaifiyarsa ta tsaya a kan cewa tsautsayi ne, domin yakan yi gwaje-gwaje da sinadarin a gida, kuma wasu masana na baya-bayan nan sun ce ba za a kore yiwuwar hakan ba.

Gadon da ya bari

Binciken da Turing ya buɗe wa ƙofa bai tsaya da mutuwarsa ba.

A shekarar 1953 Henry Rice ya faɗaɗa hujjar, inda ya nuna cewa kusan duk wata muhimmiyar tambaya game da sakamakon aikin manhaja, babu hanyar gama-gari ta amsa ta. Wannan ne ya sa ba za a iya ƙirƙirar manhajar da za ta gano kowane kuskure a cikin kowace manhaja ba.

A 1970 wani matashi ɗan Tarayyar Sobiyet, Yuri Matiyasevich, ya kammala aikin da Martin Davis da Hilary Putnam da Julia Robinson suka fara, inda aka tabbatar cewa wata shahararriyar matsala da Hilbert ya gabatar tun 1900 ita ma ba ta da tsayayyiyar hanya.

Daga nan hankalin masana ya koma kan wata tambayar: a cikin matsalolin da na'ura za ta iya warwarewa, waɗanne ne za ta gama a kan lokaci, waɗanne ne kuma za su ɗauke ta miliyoyin shekaru?

Tsara jadawalin jarrabawa a babbar jami'a ba tare da karo ba aiki ne mai wuya, amma duba jadawalin da aka riga aka tsara abu ne mai sauƙi. A 1971 Stephen Cook ya tsara wannan bambanci da harshen lissafi, yana amfani da na'urar Turing, kuma daga nan aka samu tambayar da ake kira P da NP, wato ko duk abin da ke da sauƙin dubawa yana da sauƙin warwarewa.

A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta sanya ladar dala miliyan 1 ga wanda ya amsa ta, kuma har yanzu ba a samu ba. Tsaron hada-hadar kuɗi ta intanet ya dogara ne a kan zaton cewa wasu matsalolin lissafi suna da matuƙar wuyar warwarewa.

Tun daga 1966 ake ba da lambar yabo ta Turing, wadda ake ɗauka a matsayin mafi girma a fannin kimiyyar kwamfuta.

A 2009 Firayim Minista Gordon Brown ya nemi afuwa a madadin gwamnatin Birtaniya kan yadda aka yi da shi, sannan a watan Disamban 2013 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi masa afuwa.

Ranar 23 ga watan Yunin 2021 Babban Bankin Ingila ya fitar da sabuwar takardar fam 50 mai ɗauke da hotonsa. A jikinta an buga wani jadawalin umarni da aka ɗauko daga maƙalarsa ta 1936.